Ruwa Ya Janye, Mun Shafa Fenti Mun Koma

'Yan uwana mazauna Ikko, musamman mutanenmu na Mile 12, Agiliti, Owode da kasuwar Kara. Maganar da zan yi yau na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, har da wasu daga cikin iyayenmu da nake jin nauyinsu ƙwarai. To sai dai a yi mini afuwa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Duk wanda ya daɗe a wannan yanki ya san halin kogin Ogun. Idan damina ta yi nisa, wajen Satumba zuwa Oktoba, madatsar ruwa ta Oyan da ke kusa da Abekuta takan cika, sai hukumar da ke kula da ita ta buɗe ƙofofi ta rage ruwa, ruwan kuma ya gangaro ya same mu a nan ƙasa inda muke zaune a bakin fadama. A 2010 ya ci Ajegunle ta hanyar Ikorodu da Agiliti har sai da gwamnati ta kwashi mutane zuwa sansanin Agbowa. A 2019 ya shiga Kara, a 2023 ya sake mamaye Isheri. Wato dai ba baƙon abu ba ne, kuma ba wanda zai ce bai san zai dawo ba.

Ba zuwan ruwan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, abin da muke yi bayan ya tafi ne. Da zarar ƙasa ta bayyana sai a kwashe laka, a shanya katifu, a kira birkila ya cusa siminti a inda ya tsage, a sayo bokitin fenti biyu a shafe zanen da ruwa ya bari a bango, shi ke nan an koma. Mai gidan hayar ma sai ya ce ai ya yi gyara, don haka kuɗin haya ya ƙaru. A masallaci a yi addu'a a gode wa Allah da ba a rasa rai ba, wanda hakan daidai ne. Amma a tsawon zamana a unguwar nan, ban taɓa jin ranar da shugabanninmu suka tashi suka ce kafin yaranmu su koma ajin Islamiyyar nan da ta yi sati uku a cikin ruwa, sai injiniya ya zo ya duba ta ba. Ko sau ɗaya.

Ni ba injiniya ba ne, a sakandare na tsaya na koma taya mahaifina harkar albasa. Amma abin da zan faɗa ba ya buƙatar digiri, tambaya kawai yake buƙata. Gini ba a kan bango yake tsaye ba, a kan ƙasar da ke ƙarƙashin harsashinsa yake. Ruwa mai gudu yana zaizaye ƙasar nan ya bar rami a ƙarƙashin fandesho ba tare da an gani daga waje ba. Ruwan da ya kwanta kuma yana jiƙa ta har ta yi laushi, musamman irin ƙasarmu ta nan da yawancinta fadama ce aka cike da yashi da shara aka yi gini a kai. Idan ruwan ya janye ƙasar ta fara bushewa, sai ta zauna, kuma ba ta zama daidai a ko'ina: wani kusurwar gidan ya nutse ya bar wani. Shi ya sa sau da yawa tsagewar ba ta fitowa a lokacin ambaliya, sai bayan wata ɗaya ko biyu, lokacin da kowa ya saki jiki.

Sannan ga rodin da ke cikin kankare. Muddin ruwa ya samu hanyar shiga wurinsa, zai fara tsatsa, ita kuwa tsatsa kumbura take yi, ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta riƙa tura kankaren daga ciki har ya fashe ya fara zubowa. Wanda ya ga jan ruwa-ruwa yana tsattsafowa daga ginshiƙi, ko ya ga ɓallin kankare ya faɗo daga dekin har rodi ya fito, to ya sani ba ƙazanta ba ce da fenti zai rufe. Bulon ma da aka yi ginin da shi, kowa ya san yadda masu buga shi ke miƙa buhun siminti ɗaya ya fitar da abin da ya wuce ƙima. Irin wannan bulo idan ya sha ruwa na kwanaki, da farce ma sai ka kankare shi.

Akwai alamun da ko yaro zai gane. Tsaga mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda ke bin layin bulo kamar matakala. Tsagar da ta fi faɗi a sama ko a ƙasa. Ƙofar da take rufuwa lafiya kafin ruwa, yanzu sai an ɗaga ta ko an fere ta. Daɓen da ya lotsa, ko yake ƙara kamar ganga in an taka. Murfin sokawe da ya nutse. Mu kuwa me muke yi da ƙofar da ta ƙi rufuwa? Kafinta muke kira ya rage ta. Ginin yana faɗa mana ya motsa, mu kuma mun toshe masa baki.

Za a ce mini ai birkila ya duba. Ina girmama birkiloli, cikinsu akwai 'yan uwanmu, kuma sana'arsu ce ta rufa mana asiri. Amma aikin birkila ɗora bulo da shafe ne. Injiniyan gini shi ne zai sa a haƙa rami a gefen fandesho ya ga abin da ya rage a ƙarƙashi. Yana da wata 'yar na'ura kamar guduma da yake danna wa kankare ta nuna ƙarfinsa, yana da wadda ke gano inda rodi yake a cikin ginshiƙi ba tare da an fasa ba, in abin ya yi tsanani ya yanko guntun kankaren a kai ɗakin gwaji. Yakan ɗora alama a kan tsaga ya dawo bayan makonni ya ga ko tana ƙaruwa ko ta tsaya. Daga nan ne zai rubuta ya sa hannu: wannan a zauna, wannan a tallafe shi a gyara, wannan a fita yau. Ido ba mudu ba ya san kima, gaskiya ne, amma ido ba ya ganin ƙarƙashin ƙasa.

Kuma mu 'yan kasuwa muna da wani laifi na musamman. Da ruwa ya fara shigowa sai mu kwashe kaya mu hau da su bene, wanda kowa zai yi hakan. Amma a yi lissafi: buhun shinkafa kilo 50 ne, buhu 100 tan 5 ke nan, a jibge a ɗaki ɗaya da aka gina don mutum ya kwana da iyalinsa. Tankin ruwa mai lita 1,000 idan ya cika tan ɗaya ne, wani benen kuma biyu ko uku ne a kansa. Wato a daidai lokacin da ƙafar ginin ta fi rauni, a lokacin muke ƙara masa kaya a ka. Su wa ke kwana a ƙarƙashin wannan kayan? 'Yan dako da 'yan ci-rani, yaran mutane da suka baro Sakkwato da Katsina da Jigawa, goma sha a ɗaki ɗaya.

Yanzu bari in zo kan ainihin dalilin, wanda ake faɗa a zaure amma ba a faɗa a taro. Tsoro ne. Ana tsoron idan aka kira injiniya maganar za ta kai ga hukumar LASBCA mai kula da gine-gine a jihar Legas, a zo a shafa wa gidan jan fenti, a rushe, mu kuma baƙi ne, yawancinmu 'yan haya, ba mai ba mu wani wurin. Wannan tsoro ban raina shi ba. Na san abin da ake nufi da a ce maka ka tashi a garin da kuɗin hayar shekara da na ejan ke cinye jarin mutum. Na san kuma akwai masu gidajen da in ɗan haya Bahaushe ya buɗe baki ya ce bango ya tsage, amsar da zai samu ita ce in bai iya zama ba ya kwashe kayansa.

Amma jama'a, mu duba abin da tsoron yake saya mana. A ranar 13 ga Maris 2019 wani bene ya rufta a Ita-Faji cikin tsibirin Legas, da makarantar yara a samansa, mutum 20 suka rasu, da yawansu ɗalibai. Ba ambaliya ce ta kayar da shi ba, amma darasin ɗaya ne: gini mai rauni ba ya jiran mazaunansa su samu wurin komawa. Wanda aka tasa da takarda yana da kwanaki na neman mafita, yana fita da iyalinsa da kayansa. Wanda dekin ya tasa fa? Ban da haka, ba duk dubawa ce ke ƙarewa da rusau ba. Gini da yawa abin da yake buƙata a ƙarfafa ginshiƙi, a cike ƙarƙashin fandesho, a gyara lambatu ruwa ya daina kwanciya a gindinsa, a sauke kayan da ke sama. Ƙin dubawar ne ke mayar da ƙaramin gyara ya zama rusau.

Masu cewa komai ƙaddara ce kuwa, ban musa ba, ni ma Musulmi ne. Amma ban taɓa ganin Alhajin da ya loda tirela da tumatir daga Kano ya ce kada a duba birki da taya saboda ƙaddara ba. Kwandon tumatir muna yi masa tanadi, sai rufin da 'ya'yanmu ke karatu a ƙarƙashinsa ne muka bar wa tawakkali?

Batun kuɗi ma ba hujja ba ce a wurinmu. Ɗan haya ɗaya ba zai iya ba, na yarda. Amma muna da ƙungiyar masu albasa, da ta masu tumatir da tattasai, da ta masu shanu a Kara, kowacce tana karɓar kuɗi a kan kowace mota da ta sauke kaya. Muna da sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai. Lokacin da dam ɗin Alau ya ɓalle ya ci Maiduguri a Satumbar 2024, ba wanda ya koya wa 'yan Arewa mazauna kudu yadda ake tara gudummawa. To me zai hana a ware wani abu duk shekara, a ɗauki injiniya mai rajista da hukumar COREN, a ga lambarsa da hatiminsa kafin a biya shi, don kada a kawo mana wani mai hular kwano da ba shi da komai sai hular? A fara da wuraren da suke hannunmu, waɗanda ba sai mun roƙi kowa izini ba: masallatai, makarantun Islamiyya, sito-sito na ƙungiya, da ɗakunan da 'yan dako ke kwana. Gidajen haya kuma, in shugabanni suka je wa mai gida da rahoton injiniya a hannu, a ƙungiyance, ba zai yi musu irin amsar da yake yi wa ɗan haya shi kaɗai ba.

Lokacin yin wannan kuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da ƙasa ta bushe, tsaga ta gama bayyana, kuma ana iya haƙa a yi gyara kafin ruwan sama ya dawo. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan kuma yake zama a kwamitin masallaci ko na kasuwa, ya tayar da maganar a zama na gaba, ya nemi a rubuta sunayen gine-ginen da ruwa ya kwana a cikinsu. Wanda kuma ya san injiniyan gini mai rajista a cikin 'ya'yanmu da ke aiki a nan Legas ko Ogun, ya haɗa shi da shugabannin unguwarsa.