Ciniki Babu Shinge, Ma'aikaci Babu Gata

Duk wanda ya san Kakuri ta Kaduna a shekarun 1980 ya san yadda dubban ma'aikata ke tururuwa zuwa masaƙu ba dare ba rana. Yau akasarin masaƙun nan sun zama kufai. Kamfanin KTL da aka buɗe a 1957 ya rufe a 2002, UNTL kuma ya dakatar da aiki a 2007. Magidanta suka koma acaba da dako, wasu har suka rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama.

Babu musu, rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai da fasa-ƙwauri suna da hannu a wannan musiba. Amma akwai lauje cikin naɗi. A 1995 Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. A farkon 2005 kuma aka kawar da ƙayyade yawan tufafin da ƙasa za ta iya shigarwa manyan kasuwannin duniya. Atamfar Sin mai araha ta cika Kantin Kwari.

To, ina aka bar ma'aikaci? A taron WTO na Singafo a 1996, ministoci sun tura batun haƙƙin ma'aikata ga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, wadda ba ta da ikon ƙaƙaba takunkumi da kanta. Wato ƙasar da ta tare wa haja hanya za a iya hukunta ta, amma wadda ta bari ana tatsar gumin leburori babu mai ce mata kanzil.

Kada a zaci ma'aikacin ƙasar da aikin ya koma ya tsira. A Bangaladash, inda ake ɗinka wa Turawa tufafi, ginin Rana Plaza ya rufta a 2013, mutane fiye da 1,100 suka halaka, bayan an tilasta wa maɗinka shiga duk da tsagewar da aka gani a bango. Na Kakuri ya rasa aiki, na can ya rasa rai. Wannan shi ne farashin araha.

A 2019 Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Yamai. Wajibi ne ƙungiyoyin ƙwadago su tsaya kai da fata sai an rubuta albashi mai isarwa, kariyar lafiya a wurin aiki da 'yancin kafa ƙungiya cikin irin waɗannan yarjejeniyoyi, tare da hukunci ga mai saɓawa. In ba haka ba, abin da ya ci Kakuri ba zai bar saura ba.