Zanen tatu zai iya ɓoye farin tabon fata, amma ba kowa zai dace da shi ba

Da zarar fari ya fito a leɓe ko a yatsun budurwa a Kawo ko Unguwar Rimi, abin da ake fara raɗawa shi ne kuturta. Mafi yawanci ba ita ba ce. Cutar bitiligo ce, wadda garkuwar jiki ke kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi. Ba a ɗaukarta ta hanyar gaisawa ko cin abinci a kwano ɗaya, amma tana iya korar manemi. Wannan tsangwama ce ta sa Ogo Maduewesi, 'yar Najeriya mai ɗauke da cutar, ta fara gangamin wayar da kai a Legas a 2011, wanda ya zama ranar bitiligo ta duniya, 25 ga Yuni.

Yanzu kuma bidiyoyin TikTok na tallata wata mafita: a cusa tawada mai kalar fata da allura a cikin tabon. Likitocin fata sun daɗe da sanin dabarar, kuma ta fi yin kyau a leɓe.

Matsalar ita ce bitiligo na son rauni. Inda allura ta soka, sabon fari na iya ɓullowa, shi ya sa ake sharaɗin sai cutar ta tsaya cak na aƙalla shekara guda. In ta ci gaba bayan an yi zanen, sai a ga baƙin tabo zagaye da fari, abin ya fi na da muni. Tawadar ma kan koɗe ko ta koma toka-toka, kuma ba ta bin fata idan zafin Maris ya ƙara mata duhu. Ga haɗarin ciwon hanta daga allurar da ba a tsaftace ba.

Malamai sun haramta tatun ado, sai dai wasu na sassautawa idan gyaran lahani ne.

Baƙin lalle ma ba mafaka ba ne, domin sinadarin PPD da ke cikinsa kan jawo irin wannan farin da kansa.

A ganina, kafin a nemi mai allura, a fara zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a tabbatar bitiligo ce ko ƙyasfi, wanda maganin shafawa ke warkarwa.