Rangwamen Kuɗin Jami'a a Amurka: Na Iyaye Ne Ko Na Ɗa?

Filinmu na wannan wata na iyayen da ke zaune a Amurka ne, masu 'ya'ya a jami'a, tunda kafin 15 ga Afrilu ake miƙa takardar haraji ga hukumar IRS.

Tsohon tsarin da ake cire kuɗin makaranta daga samun mutum kafin a yanka masa haraji ya ƙare tun 2020. Duk wanda ya ce miki yana nan, labarinsa ya kwana biyu. Abin da ya rage shi ne rangwame a kan harajin kansa. Babba a ciki shi ne American Opportunity, wanda aka fara a 2009, yana kai dala 2,500 a shekara ga kowane ɗalibi, a shekaru huɗun farko na karatu. Akwai kuma Lifetime Learning, dala 2,000 ga takardar haraji guda, komai yawan ɗaliban gidan. Kuɗin ɗaki da na abinci ba sa cikin lissafi.

To, ga inda ake samun saɓani. Hukuma ba ta tambayar aljihun wa kuɗin ya fito. Abin da take dubawa shi ne wa ya rubuta yaron a cikin waɗanda yake ɗaukar nauyinsu. In ku kuka rubuta shi, rangwamen naku ne, ko da shi ya biya da guminsa, ko kawunsa ya biya masa. In kuwa ya cike tasa takardar ya ce shi ke riƙe da kansa, ku ma kuka sa sunansa, an yi karo ke nan, sai a dawo muku da taku. Yaro ɗan shekara 20 bai san wannan ba, abokai ne za su nuna masa yadda ake cikewa a waya. Don haka uwargida, tun a watan Janairu ki zaunar da shi da maigida a yi magana.

Kafin ku rubuta shi, sai ya kasance bai cika 24 ba a ƙarshen shekara, ya yi cikakken karatu na aƙalla wata biyar, kuma bai ɗauki fiye da rabin nauyin kansa ba. Zaman makaranta ba ya hana a lissafa shi ɗan gida.

Sai batun 'ya mace, wanda ya fi shafarmu, mu da muke aurar da su suna tsakiyar karatu. In ta yi aure ta haɗa takardar haraji da mijinta, galibi ta fita daga lissafinku, ko da mahaifinta ne ke ci gaba da biyan kuɗin. Rangwamen ya koma gidan miji. A ganina ba abin ɓacin rai ba ne, amma ya kamata a faɗa wa juna tun wuri, don kada surukuta ta yi tsami a kan dala 2,500. Ke ma ki kula: ma'auratan da kowa ya cike tasa daban ba su da rabo ko kaɗan.

Jami'a za ta aiko da takarda mai lamba 1098-T, ita za ku duba wajen cike fom 8863, ku kuma adana rasit na littattafai. In samun miji da mata a haɗe ya wuce dala 160,000, rangwamen yana raguwa, daga 180,000 kuma babu shi.