Hulba Da 'Yar'uwarta: Kira Ga Manoman Zobe Da Malaman Jami'a

Duk wanda ya leƙa shagunan maganin Musulunci da suka yawaita a Dutsin-Ma da Kurfi zai tarar da hulba a ƙulle cikin leda, wata ƙwaya wata gari, masu jego suna saye domin ruwan nono, masu ciwon suga kuma suna jiƙawa su sha da sassafe. Amma da wuya ya sami mai shagon da zai gaya masa ƙasar da aka noma ta, ko shekarar da aka girbe ta, balle miƙidarin da jikin ɗan Adam yake iya ɗauka. Galibinta daga Indiya da Masar da Sudan take zuwa, ta daɗe a buhu, mu kuwa mu karɓa da husnuz zanni.

Hulba tana da 'yar'uwa a dangin wake da gyaɗa, wata ciyawa mai rawayan fure da ƙamshi, wadda likitocin Larabawa na dā suka sani da sunan ikililul maliki, kuma ƙissarta abin lura ce ga mai hankali. Wajen 1921 shanu suka yi ta mutuwa a Kanada da arewacin Amurka, jini yana zuba ba ya tsayawa, har wani likitan dabbobi, Frank Schofield, ya gano cewa illar tana cikin harawar wannan ciyawa idan ta yi fumfuna. A 1933 wani manomi ya kai gawar saniyarsa da gwangwanin jinin da ya ƙi daskarewa Jami'ar Wiskonsin, inda Karl Link da almajiransa suka duƙufa shekara da shekaru, har suka fitar da sinadarin da ya haifi warfarin, wanda aka fara sayarwa a 1948 a matsayin gubar ɓera, sa'an nan a 1954 aka halatta shi ga masu ciwon daskarewar jini. Ciyawar dai ita ce ita; mummunar ajiya ta mai da ita ajali, tahaƙiƙi da awo suka mai da ita shifa'i.

To, ita ma hulba ba a rasa ta da sharaɗi, domin likitoci suna hana mai juna biyu yawaita ta, suna kuma gargaɗin mai shan warfarin ko ƙwayar suga kada ya haɗa ba da shawara ba. Wa yake faɗa wa jama'a wannan a kasuwa?

Ra'ayina shi ne mu noma abarmu, mu san ta tun daga kunya har turmi. Shuka ce mai son sanyi, ga hunturu muna da shi, ga madatsar ruwa ta Zobe wadda aka gama tun 1983 ba mu ci rabin fa'idarta ba, kuma saiwar hulba tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake yake yi. Ban ce a bar tumatir da albasa ba, haba. Ɗan fegi ɗaya a gefen lambu, ko kusa da zogalen da ke tsakar gida, ya isa gwaji.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da tsangayar aikin gona, kuma a ganina wannan bincike farilla ce ta kifaya a wuyan malamanta. Ina roƙonsu su gwada irin a ranin bana, su auna, su buga sakamakon da Hausa yadda mai shago da mai jego za su karanta.