Nasiha Ga Malamai A Kan Koya Wa Yara Zaɓe

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan takarda ce daga ɗan'uwanku zuwa ga malaman makarantu, na allo da na Islamiyya da na firamare, da almajiransu masu iya karatu. Abin da nake kira gare shi shi ne a koya wa yara zaɓe tun suna ƙanana, a cikin aji, su yi da hannunsu, kamar yadda ake koya musu alwala da buta da ruwa.

Ku sani, ya ku 'yan'uwa, a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum fiye da miliyan 93 ke da rajista a Nijeriya, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba. A zaɓen 2019 kuwa ƙuri'a fiye da miliyan 1 aka soke domin ta lalace. Daga cikin abin da ke lalata ƙuri'a akwai dangwala yatsa wuri biyu, ko barin takarda babu alama. Mutum ya wuni cikin rana a layi, ya koma gida ba a lissafa shi ba. Wani kuma ya sayar da tasa a kan taliya da sabulu, ya zauna shekara huɗu yana kukan rashin ruwa da magani. Samarin da ake ba gora da adda ranar zaɓe, jiya-jiya suna zaune a gabanmu da allo ko littafi. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan haƙƙi ba a same shi a ɓagas ba. A 1951 talakan Arewa ba ya zaɓen wakilinsa kai tsaye, sai ya zaɓi wanda zai zaɓi wani, hawa-hawa har zuwa lardi. A zaɓen 1959 maza kaɗai suka jefa ƙuri'a a Arewa. Sai a 1979 matanmu suka shiga zaɓen tarayya. Malam Aminu Kano da mutanensa sun sha wuya a kan wannan, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba. Abin kunya ne jikokinsu su tashi ba su san darajar abin ba.

Idan wani ya ce zaɓe al'adar Nasara ce, ba ta dace da makarantar Musulmi ba, sai mu ce masa: akwati da takarda da tawada baƙi ne, gaskiya ne, kamar yadda agogo da lasifika baƙi ne a masallaci. Amma shawara tamu ce, har akwai sura a Alƙur'ani mai sunanta. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da aka soke shi a shekara ta 23 bayan Hijira, ya bar al'amarin a hannun mutum shida: Usmanu, Aliyu, Ɗalha, Zubairu, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abdurrahmanu ɗan Aufu. Abdurrahmanu ya bi mutanen Madina yana jin ra'ayinsu kafin a yi wa Usmanu mubaya'a. A Gudu ma, a 1804, jama'a ce ta taru ta yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mubaya'a. Ƙuri'a kuwa shaida ce, mai jefa ta yana cewa wane ya cancanta. Shaidar zur tana cikin manyan zunubai, to wa zai gaya wa yaro haka in malaminsa ya yi shiru?

Ga yadda nake ganin a yi, ba ya cin kuɗi. Maimakon malam ya naɗa monita da kansa, sai ya sa yara su zaɓa. Da farko a rubuta sunan kowane yaro da yarinya a takarda ɗaya, ita ce rajista, wanda babu sunansa ba ya jefawa. Sa'an nan masu so su fito, kowa ya faɗi abin da zai yi a kan shara da tulun ruwa da tsaron alli, ba tare da zagin abokin takara ba. A ba kowane ɗan takara alama, kamar buta ko fitila, domin waɗanda ba su iya karatu ba tukuna. A samo kwali a nuna wa kowa babu kome a ciki, a rufe. Yaro ya shiga lungu shi kaɗai, ya dangwala yatsa wuri ɗaya, ya naɗe, ya jefa. Bayan nan a zazzage a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi, a rubuta a allon bango, a ware wadda ta lalace a nuna musu dalili. Ga darasin lissafi ya shigo ciki. Wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci hannu. In zango ya ƙare, monita ya tsaya ya ba da bayanin alkawarinsa, a sake zaɓe.

Idan aka kama mai raba alewa ko ƙuli-ƙuli domin a zaɓe shi, kada a gaggauta bulala. A tambayi aji: alewa ta ƙare tun jiya, shi kuwa zai riƙe ku wata uku, wa ya ci riba? Yaro ba ya manta irin wannan tambaya.

Amma akwai sharuɗɗa uku a kan malam. Na farko, kada ya shigo da jam'iyya ko sunan ɗan siyasa cikin aji, domin iyaye sun ba shi amanar karatu ne. Na biyu, ya bayyana musu cewa ba a jefa ƙuri'a a kan halal da haram ko lokacin salla, ana yi ne a kan wanda za a ɗora wa hidima. Na uku, shi ne mafi nauyi, idan yara suka zaɓi wanda malam ba ya so, ko ɗan talaka ya ka da ɗan hakimi, kada ya sauya. Malamin da ya murɗe zaɓen aji ya koya wa yara arba'in maguɗi a rana ɗaya, gara ma bai fara ba.

Ina roƙon kowane malamin da wannan takarda ta isa gare shi ya jarraba a zangon nan, ya kuma karanta wa wanda bai samu ba. Yaron da ke da shekara 10 yau, bayan shekara 8 shi ne mai ƙuri'a. Allah Ya shiryi zuriyarmu, Ya ba mu shugabanni masu adalci, Ya sa mu riƙe amana. Amin.

Haza wassalamu.