Kafin ka sayi jitar bes ta hannu, duba wuyanta

Yawancin samarin da ke neman in raka su sayen jitar bes ta hannu, maganarsu ta farko ɗaya ce: "Oga, Fender ce fa!" Sai a miƙo mini waya, an jawo hoton sunan har ya cika fuskarta. Babu hoton wuya, babu na baya. Na daɗe ina kaɗa bes a bukukuwa da situdiyo a Kaduna, ina kuma taɓa gyaran ta mutane a gida, kuma ra'ayina a kan wannan ba shi da kwana-kwana: a kasuwarmu, sunan da aka rubuta a kan jita shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mutum ya zuba kuɗinsa dominsa. Wuyan ake saye. Sauran kayan jikinta duk ana iya cirewa a sa wasu.

Ban ga laifin yaran nan ba da suke son sunan. Leo Fender ne ya fito da Precision a 1951 a Kalifoniya, ya biyo da Jazz a 1960, kuma yawancin bes ɗin da ke kasuwa har gobe siffar waɗannan biyun suke kwaikwayo. Wanda ya taso yana jin Bob Marley ya sha jin Jazz a hannun Aston Barrett ko da bai san sunanta ba. Matsalar ita ce sunan nan ɗan tambari ne da ake mannawa a shafe da fenti, kuma ana sayar da irinsa a intanet a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A kankare "Squier" ko wani sunan da ba a sani ba, a manna "Fender", a zubo ta cikin kwantena tare da tsofaffin sifiku da amfilifaya, ta sauka a Alaba ta Legas, ta hau mota zuwa Arewa. Sau da yawa mai shagon da ke rantse maka cewa asali ce ba ƙarya yake yi da gangan ba. Shi ma haka aka sayar masa.

Ita kanta Fender ta gaskiya ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta Amurka, wadda sabuwarta ta haura dala 1,500. Akwai ta Meziko, da ake ƙerawa a garin Ensenada. Akwai ta Japan, da aka soma a 1982. Sai Squier, ƙaramar 'yar gidan, wadda yanzu ake yi a Indonesiya da Sin, kuma ta masu koyo ba ta kai dala 400 ba. Lambar siriyal tana ɗan taimakawa wajen rarrabewa. Ta Meziko tana farawa da MN a shekarun 1990, MZ a shekarun 2000, MX daga 2010. Ta Amurka daga 2010 tana farawa da US sai lambobi biyu na shekara. In ka ga an rubuta an yi ta a Amurka amma lambar ta soma da MX, to ka gama ciniki tun ba ka fara ba. Amma kada lamba ta ruɗe ka, domin mai iya manna suna ya iya manna lamba. Wanda yake son tabbaci sai ya nemi izinin kwance sukurori huɗun nan da ke riƙe da wuya, ya duba gindinsa, inda kamfani ke buga kwanan wata ko hatimi. A cikin ramin da wuyan ke zama kuma za ka ga irin katakon jikin: in ka ga shi hawa-hawa, falawud ne, ba kuwa Fender ta Amurka da ake yi da falawud. Mai shagon da ya ce kuɗin ta Amurka yake so amma ba zai yarda a kwance ba, ka ce masa Allah ya ba da kasuwa.

To, bari in zo kan wuyan, don nan ne kuɗinka zai mutu ko ya rayu. Tsirkiyoyi huɗun nan in an ɗaure su daidai suna jan wuya da ƙarfin da ya haura kilo 60, dare da rana, shekara da shekaru. Abin da ke hana shi lanƙwashewa wata sandar ƙarfe ce da aka binne a cikinsa, mai noti a ƙarshenta, a wajen kai ko a wajen gindi. Ga yadda nake yi. In ɗora gindin jitar a ƙasa, in runtse ido ɗaya, in leƙa tun daga kai har ƙasa ta gefen babbar tsirkiya, sannan ta gefen ƙarama. Gefe biyun su yi lanƙwasa iri ɗaya, 'yar kaɗan. In ɗaya ya miƙe ɗaya ya yi ciki, wuyan ya murɗe, kuma wannan ciwo ne da ba mu da maganinsa a nan. Daga nan sai in danne babbar tsirkiya a firet na farko, wato na farko cikin ƙarafan da aka jera a kan wuya, da hannun hagu, in danne ta a na ƙarshe da hannun dama, in dubi ratar da ta rage a tsakiya, wajen firet na takwas. Kaurin katin gayyatar biki ya isa. In ratar ta kai a zura kwabo, sai in fito da alanki daga aljihu, in nemi izini, in murɗa notin rubu'in zagaye kawai. Abin da nake son ji shi ne ya juya da ɗan nauyi, hagu da dama. In ya ƙi motsi sam, ko ya riƙa juyawa fayau ba ya kama komai, ko bakinsa ya cinye har alanki ba ya zama, na ajiye jitar ke nan, ko da Leo Fender da kansa ne ya sa mata hannu.

Sai a bi firet ɗaya bayan ɗaya, kowace tsirkiya tun daga sama har ƙasa. Abin yana cin lokaci, mai shago zai fara tsaki yana duban ƙofa, ka ƙyale shi. Kana neman inda sauti ke zizza ko ya shaƙe, da inda tsirkiya ta ci ƙarfen har ta yi masa kwari, galibi a firet biyar na farko. Sannan ka gwada firet na 12: sautinsa ya zama daidai da na tsirkiyar a sake, sai dai ya fi shi tsini. In ya kauce, a jaki, inda tsirkiyoyi ke zama a jikin jitar, ake gyarawa, muddin ƙananan sukurorinsa ba su yi tsatsar da ta hana su motsi ba. Wani abu kuma da ke tsorata sababbin shiga: a ƙaramar tsirkiya, tsakanin firet na biyar da na bakwai, sauti kan mutu da wuri. Wannan halin yawancin bes masu siffar Fender ne, har masu tsadar. Kada ka fasa ciniki saboda shi.

Akwai abin da masu ba da shawara daga Turai ba sa lissafawa, wato hunturu. Jitar da ta yi shekaru a ɗaki a Jamus, ta kwana cikin laimar teku da ta Legas, in ta iso Kano ko Zinder a watan Janairu katakonta zai tsotse. Ƙarfe kuwa ba ya tsotsewa, shi ya sa bakunan firet ke fitowa ta gefe suna yankar hannu, wuya ya sauya tsayuwa, wani lokacin allon saman wuyan ya tsage. Da damina ta sake shan laima ta koma wani hali. Saboda haka ni na fi son wadda ta riga ta ci hunturu biyu ko uku a hannun wani a garin nan fiye da wadda aka sauke daga kwantena jiya tana ƙyalli. In kuma da hali, a yi cinikin cikin hunturun, lokacin da duk aibinta yake a fili.

Kayan wutar ba su cika tayar mini da hankali ba, don mai gyaran rediyo na unguwa zai iya canza jak ko mamurɗin ƙara. Sai dai kada ka yarda a ce maka "babu wuta, amma tana yi". A tayar da janareta, a jona ta da amfilifayar bes ta gaske, saboda babbar tsirkiya tana sauka har wajen hez 41, ƙaramar sifika ba za ta nuna maka komai ba. Ka murɗa kowane mamurɗi ka ji ko yana ƙarar yashi, ka girgiza wayar a bakin jak. Jazz takan yi ɗan gurnani in ka buɗe fikof ɗaya kaɗai cikin na'urorin da ke ɗauko sautin tsirkiya, wannan ƙirarta ce. In ka ɗora hannu a kan tsirkiya gurnani ya ragu, lafiya lau. In bai ragu ba ko kaɗan, mai yiwuwa wayar da ke ƙarƙashin jaki ta tsinke, gyaran minti kaɗan ne. Wadda ke aiki da batir mai bolt 9 kuwa, buɗe murfin bayan ka leƙa. Batirin da aka manta a ciki yakan zubo ya ci allon kayan wutar, kuma samun irin allon a nan sai an yi oda an jira.

Yanzu kuɗi. Dillali zai buɗe Reverb ko eBay a wayarsa ya nuna maka irinta da farashi mai tayar da hankali, ya ce, "Yallaɓai, duba da idonka, ni ma taimakonka zan yi." Abin da yake nuna maka kuɗin da wani ya sa wa kayansa ne, ba kuɗin da aka saya ba. Shafukan biyu suna da wurin da ake ganin abin da aka sayar da gaske, nan za ka duba. Ni lissafina shi ne in fara daga kuɗin sabuwarta, in tsaya tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku in tana da lafiya, sannan in cire kuɗin sababbin tsirkiyoyi, waɗanda ba su da araha, in cire na duk gyaran da na gani. Tsufa kaɗai ba daraja ba ne. Waɗanda masu tara kayan tarihi ke rububi su ne musamman na kafin 1965, shekarar da kamfanin CBS ya sayi Fender, kuma irin waɗannan ba sa faɗowa cikin kwantenar gwanjo bisa kuskure. Ƙarjewar fenti ba ta dame ni ba, hasali ma dalilin neman ragi ce.

Wani zai ce suna yana da amfani ranar da ka tashi sayarwa. Gaskiya ne, Fender ta asali tana riƙe kuɗinta fiye da saura. Amma sai ta zama ta asalin, sai kuma ka sami mai sayen da ya san bambanci, su kuwa ba su da yawa a nan. Wanda zai tsaya awa huɗu a filin biki ko a coci da jita mai kilo huɗu a kafaɗa, hannunsa ne zai gaya masa abin da ya saya. Shi ya sa in aka ajiye mini Yamaha BB ko Ibanez SR ko Squier mai ɗauke da sunanta na gaskiya da miƙaƙƙen wuya, aka ajiye "Fender" da ba a san asalinta ba a kuɗi ɗaya, ba na ko waiwayar ta ƙarshen. Ba kasafai ake wahalar yin jabun ƙaramar Yamaha ba, don ribar ba ta kai ba.

Saura maganar da mutane ke jin nauyin yi: daga ina ta fito? Kayan kiɗa suna da saurin ɓata a coci, a situdiyo, a bayan mota bayan an tashi daga biki. Jitar bes ta Höfner da Paul McCartney ya saya a Hambug a 1961 an sace ta a Landan a 1972, ba ta koma hannunsa ba sai bayan shekara hamsin da 'yan kai. A nan abin bai kai haka tsawo ba, don makaɗan gari sun san kayan juna, wata rana kana kan dandamali wani zai taso ya ce tasa ce. In mai sayarwa ya kasa faɗin inda ya samo ta, ko ka ga an goge lambar siriyal da gangan, ko kuɗin ya yi arha fiye da hankali kuma yana gaggawa, bar masa abinsa. In kun daidaita, a rubuta takarda da sunan jitar da lambarta da kuɗin da aka biya, shi ya sa hannu, shaida ya sa hannu, ka ɗauki hoton takardar tare da kan jitar kafin ka fita daga shagon.