GIDAN GADO: ZUMUNCI NE KO ZALUNCI?

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne rasuwar goggona. Mun sallace ta a ƙofar gidan kakanmu da ke wani lungu kusa da Kasuwar Kurmi, gidan da take da kaso a cikinsa tun rasuwar mahaifinta a 1987, amma har ta koma ga Mahaliccinta tana zaman haya a ɗaki guda a bayan ganuwa. Duk sanda ta tayar da maganar rabo sai ƙannenta su ce: "Haba Yaya, so kike ki tarwatsa zuri'a?" Sai ta haɗiye maganarta don kunya. Magada tara kakanmu ya bari. Yau sun haura arba'in, domin wasu sun mutu kafin a raba, kasonsu ya gangara kan matansu da 'ya'yansu. Wannan shi ne abin da malamai ke kira munasakha, gado a kan gado, lissafin da ko masanin fara'ili sai ya yi gumi kafin ya warware.

Ina so in faɗa da babbar murya: ƙin raba gado ba zumunci ba ne, zalunci ne da aka naɗa wa rawani. Allah (SWT) bai bar wannan rabo a hannun sarki ko babban wa ba, Shi da kanSa Ya yanka wa kowa kasonsa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176. Matar mamaci tana da ɗaya bisa takwas idan ya bar ɗa ko 'ya, in kuwa bai bari ba ɗaya bisa huɗu, kuma kishiyoyi a cikin wannan kason za su yi tarayya. Tsarin a fili yake: a yi wa mamaci sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa, sannan a raba saura. To a ina aka ce a jira shekara talatin? Abin kunya ne a garin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana karantar da fiƙihun Malikiyya a zaurukan Madabo, garin da ya yi shelar Shari'a a 2000, a ce babin gado na Risala ya tsaya a bakin mai karatu bai shiga cikin gida ba.

Na san hujjar masu ƙi. Cewa suke gidan cikin birni ƙarami ne, ba ya yankuwa, kuma tushe ne da ba a sayar wa bare. Na yarda. To a kira masana su yi masa kuɗi, masu zama a ciki su biya sauran kasonsu. Shari'a ma ta ba abokin tarayya haƙƙin shufu'a, wato shi ya fi cancanta ya sayi kason ɗan uwansa kafin bare. Wadda ta ga dama ta yafe, amma sai bayan ta san nawa ne nata. Abin da aka karɓa da kunya ba yafiya ba ce.

Sai dai laifin ba na magada kaɗai ba ne, mamacin ma da nasa. Mu Hausawa muna ganin rubuta wasiyya kamar yi wa kai fatan mutuwa ne, alhali hadisin Abdullahi ɗan Umar ya nuna bai kamata mai abin wasiyya ya yi kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuwa, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Saboda haka kowa da aikinsa. Kai saurayi mai kuɗi a asusun waya, wa ya san inda suke, wa kuma ya san wanda ke bin ka? Ka sani, sunan da ka rubuta a takardar banki a matsayin makusancinka ba ya mayar da shi mai dukiyar, amana ce zai miƙa wa magada. Kai magidanci mai ƙananan yara, ka ambaci amintaccen da zai riƙe dukiyarsu. Kai ɗan kasuwar Kwari, ka bambance jarinka da na abokin cinikinka da kuɗin ajiyar mutane. Mai mata fiye da ɗaya ya rubuta abin da yake mallakar kowacce, kada gwal ɗinta da kayan ɗakinta su faɗa cikin gado. Ke ma 'yar uwa, abin da kika mallaka za a gada, ki rubuta.

Ku kuma ku tunatar da iyayenmu cikin ladabi abu biyu. Na farko, a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa a hannunsa mai bayarwa yana raye da lafiyarsa. "Na ba ki ɗakin nan" da fatar baki, ba shaida, ba karɓa, fitina ce aka binne. Na biyu, jikan da ubansa ya riga kaka mutuwa ba ya gado matuƙar kakan ya bar ɗa namiji. Masar ta wajabta wa irin waɗannan jikoki wasiyya da doka a 1946. Mu kuwa ƙofar sulusi a buɗe take, iyakar da Annabi (SAW) ya yanka wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ga wanda ba magaji ba ake yin ta. Wa ya fi maraya na jininka cancanta?

Ni dai na rubuta tawa a daren sadakar uku, na sa mutum biyu sun shaida. Kuma na gaya wa baffannina cewa kason goggo za a fitar wa 'ya'yanta, ko a zaure ko a gaban alƙali. Sun ce na yi rashin kunya. Gara kunyar duniya da ta lahira.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani. Wassalam.